Imel ɗin Baba

Baba tsohon malamin makaranta ne da ko tsawa bai iya ba. Amma tunda ya yi ritaya, duk imel ɗin siyasa da aka turo masa sai ya tura wa 'ya'yansa. Na ranar Talata cewa ya yi matasa duk malalata ne, a hana su zaɓe.

Autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta dawo daga aiki a gajiye ta same shi a falo.

"Baba, har da ni a malalatan?"

"Ke? Haba, ba ku ake nufi ba."

"To su wa?"

Ya gyara tabarau, ya sake karantawa, ya sosa ƙeya.

"Wallahi ni ma ban sani ba. Amma kin ji yadda mutumin ya faɗe ta, ba kwana-kwana?"