Ranar da Na Bi Ɗan Farina Gidan Burodi

Jiya da dare wani mafarki na yi, kuma na san abin da ya jawo mini shi. An ba da dogon hutu a makaranta, sai yaron nan, ɗan farina, ya je da ƙafarsa ya nemo aiki a gidan burodin bayan tasha. Shekararsa goma sha shida, amma har yau yakan cika gida da cigiyar takalminsa alhali yana tsaye a kansa. Da ya ce mini da safe zai fara, "To" kawai na ce. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ko kallonsa ma sai a kaikaice. Haka na taso na gani, haka nake yi. Sai dai na lura ya ɗan tsaya yana jiran ƙari kafin ya juya ya fita, abin kuwa ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Sai ga ni a kan titi da kular abinci a hannu, wai ya manta kalacinsa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama, don haka kowa ya kifa lemarsa yana kare ƙafafu. Ban yi mamaki ba. Damuwata ɗaya kada ƙosan ya huce.

Na tare a-daidaita-sahu. Direban ya sauko, ya koma baya ya harɗe, ya ce in kai shi bayan tasha kuma ban da gudu. Na kai shi.

A ƙofar gidan burodin wata agwagwa ce ke gadi, da usur a wuya.

"Hajiya, wa ake nema?" in ji ta.

"Wani yaro ne, yau ya fara aiki."

"Sunansa?"

"Dogo ne haka, yana da ɗan tabo a haɓa."

"Tabon ya zo tun ɗazu, yana ciki. Sunan mai shi nake tambaya."

"Ɗan gidan Malam Ɗahiru ne."

"Kowa a ciki ɗan gidan wani ne," ta ce, ta hura usur. "Wuce wajen Manaja."

Manajan wani bunsuru ne mai tabarau, yana shan shayi da cokali mai yatsu. Fankar ofishinsa tana tsaye cak, ɗakin ne ke juyawa a hankali, don haka na riƙe gefen tebur muka yi ta zagayawa tare. Ya tambaye ni mene ne haɗina da yaron.

"Maƙwabta muke," na ce.

"Na nesa ko na kusa?"

"Ɗakinsa na kallon nawa."

Ya gyaɗa gemu. "To bari in sanar da ke dokar gidan nan. Duk ma'aikacin da azahar ta yi ba a kira sunansa ba, leda muke sa shi mu tura tasha tare da burodi. Wanda ya fara ɗauka, nasa ne."

"Ku ku kira shi mana!"

"Mu lamba muke kira, Hajiya. Suna aikin 'yan gida ne."

Sai na gan ni a ɗakin gashi. Tanda tana hura sanyi, ma'aikata na ɗumamar hannu a jikin firji. Can na hango shi cikin farar riga, yana sauke farantai, yana cewa, "Ku bi layi, manya a baya." Burodin kuwa suka bi layi, har wani ƙarami ya ce masa ranka ya daɗe. Yaron da ba ya iya ɗauraye kofin da ya sha shayi! An tambaye shi ina wuƙa, ya nuna. An tambaye shi ina sukari, ya nuna. Wallahi daɗi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, don ban san yaushe ya zama haka ba, kuma a gabana aka yi.

Ya juyo ya gan ni, ya rusuna da ladabi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Mai yanka-yanka za a ba ki ko dunƙule?"

Baiwar Allah! Ni da na yi jinyar ƙyandarsa a baya.

"Kalacinka ne na kawo," na ce ina kallon bango.

"Na gode ƙwarai, amma an hana mu karɓar abu a hannun wanda bai san mu ba."

Nan take na ji kiran sallar azahar, sai ga mu a tasha. An sa shi a leda, an ɗaure bakin tsaf, an ɗora a kan tire da sauran burodin, yana zaune abinsa bai ko yi ƙorafi ba. Mata suka yanyame tiren. Wata mai ƙaton ɗaurin ɗankwali ta latsa kafaɗarsa ta ce, "Kai, wannan ya yi laushi, ga ladabi. Gida zan kai shi in riƙa kiransa safe da yamma."

Na kutsa. A saman wata bas sai ga Gwaggo Lanti, yayar babana, da duk tsofaffin gidanmu, suna tsintar shinkafa suna kallona.

"Ke Rakiya," in ji Gwaggo, "a tsakiyar tasha za ki zubar mana da mutunci?"

"Gwaggo, ɗauke shi za a yi!"

"Mu da aka ɗauke namu, kin ji bakinmu?"

Matar ta riga ta kama bakin ledar. Na buɗe baki, sai sunan ƙaninsa ya fito. Na sake, sai na kyanwarmu. Shi kuma yana kallona ta cikin leda, irin kallon nan na mai jiran ƙari. Na ajiye kula a ƙasa, na juya wa bas baya, na cika ƙirji da iska. Abin da ya fita daga bakina shi ne fus, fus, fus.

Na farka. Ashe shi ne a tsakar gida yana ba tayar kekensa iska, gari ya soma wayewa. Na fito na tsaya a bakin ƙofa ina gyara ɗankwali. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Umma, zan tafi."

Na kalli igiyar shanya na ce, "A riƙe amanar mutane. Allah ya yi albarka."

Ya ɗago da sauri, ya yi murmushi har haƙora, ya tura keke ya fita. Sai da na ji ƙofar gida ta rufe sannan na ce a hankali, "Nazifi."

Ƙanwarsa Zinatu ta leƙo daga ɗaki da ido waje. "Umma, me kika ce?"

"Cewa na yi ki ɗauko tsintsiya."