Yatsun Kumatu

Biyar saura na yamma, Inna mai gidan reno tana tattara kofunan yara, sai ga Maman Kumatu ta shigo da jakar ofis a kafaɗa. Kumatu ɗan wata bakwai ne, cikar fuskarsa ce ta jawo masa sunan. Uwar ta ɗauke shi, ta kama hannunsa, sai ta tsaya cak. Fatar gefen farcensa ta bushe tana ɓarewa fari-fari.

"Inna, mene ne wannan?"

"Tun shekaranjiya na gani, na kuma faɗa miki kina ta sauri."

"Ba ki faɗa min komai ba! Da me kike wanke masa hannu? Da ruwan goge ƙasa?"

Mata biyu da suka zo ɗaukar 'ya'yansu suka tsaya suna kallo a bakin ƙofa. Shekara goma sha tara Inna tana renon 'ya'yan mutane a ɗakin nan, ba a taɓa tsinka ta haka ba.

"'Yar nan, ki iya bakinki. Ga asibiti can tsallaken titi, mu je."

Suka tafi, ba mai kallon wata. Nas ta juya yatsun yaron a hankali, shi kuwa yana ta ƙoƙarin mayar da su baki.

"Yana tsotson hannu, yawu na busar da fata," in ji nas. "Amma ba shi kaɗai ba ne. Me ake shafa masa?"

Maman Kumatu ta zaro 'yar kwalbar ruwan kashe ƙwayoyin cuta daga jaka.

"Wannan kawai. Safe da yamma."

"Ai na manya ne, ya fi ƙarfin fatar jariri. Me ya kai ki?"

"Saboda yaran gidanta. Kullum majina."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. Ashe wata huɗun nan da take goya yaron, tana ba shi abinci cokali-cokali, uwarsa ƙyamar gidan take yi.

Nas ta ce a daina shafa masa, a riƙa sa man da ba ƙamshi, kada kuma a ɓare fatar da hannu.

A waje Inna ta tsaya ko za ta ji kalmar ban haƙuri. Abin da ta ji shi ne, "Da gidan da tsabta ai da ban shafa ba."

Suka koma gidan renon. Inna ta haɗa tawul ɗin yaron, da kofinsa, da 'yar hularsa a leda, ta miƙa wa uwar.

"Ungo. Nemi inda ya fi."

"Korar mu kike yi?"

"Ke nake kora. Shi bai yi min komai ba."

Kafin mako ya zagayo, ɗaya daga cikin matan nan biyu ta cire 'yarta, don zancen ruwan goge ƙasa ya riga gaskiyar fita unguwa. Yanzu kowace safiya Maman Kumatu takan wuce ta ƙofar gidan zuwa wani gidan renon, ba gaisuwa. Yaron yakan miƙo hannu yana zillo, uwar ta juyar da shi. Inna sai ta shige ciki, ta hau yaran da faɗan da ba su san dalilinsa ba.