Dutsen Roba a Teburin Verna

Tun da ciwon suga ya ɗauke wa Arlo Tollefson ido, matarsa Verna ba ta taɓa jin ya koka ba. Ya koyi haɗa kofi da kansa, ya koyi zuwa bakin titi da sanda ya ɗauko wasiƙu. Abu ɗaya ne ya kafe a kai. Ya ce ranar Asabar sai ya hau hanyarsa, kuma shi zai yi gaba da igiya.

Hanyar tana jikin bangon dutsen da ke bayan garinsu a Wyoming. Shi da Verna suka fara hawanta da ƙuruciyarsu, kuma da yake wanda ya buɗe hanya shi ke raɗa mata suna, Arlo ya sa mata Kofi Ya Huce, don abin da suka tarar a fulas ke nan da suka kai sama. Wajen tsakiyarta tsagar da ake bi tana ƙarewa. A nan mai hawa yakan miƙa ƙafar dama can gefe, ya saki nauyinsa a kan wani ginshiƙi da ya jingina da bangon. Ko mai ido ba ya ganin inda ƙafarsa za ta sauka, yarda kawai ake yi.

To, ginshiƙin ya zube lokacin narkewar ƙanƙara. Daga ƙasa ba a gane haka, don wani ƙusumbin dutse ya kare wurin. Verna ta gani ne a taswirar masu hawa da ke wayarta, irin wadda ake juya dutsen da yatsa a duba shi ta kowane gefe. Ta faɗa masa suna karin kumallo.

"Ya zube, Arlo. Babu shi."

"Ke, tsohuwa, ginshiƙin da ya girmi kakanki?" Ya laluba kwalbar zuma ya tsiyaya a kan fanke, rabi a faranti rabi a tebur. "Ai kin ce mini zartona ya lalace. Washegari na ji kukansa a gidan maƙwabci. Ido na rasa, kunne yana nan."

"Wannan daban."

"Duk ɗaya ne. Kowa ya samu makaho sai ya yi masa ƙarya, wai don tausayi. Hannuna ya san hanyar nan fiye da yadda ya san fuskarki. In ba za ki riƙe mini igiya ba, abokina Hollis zai riƙe."

"Hollis da ke gyangyaɗi a tsaye?"

"Ya fi mai ɓoye zarto."

Maganar zarto dai gaskiya ce. Ta dube shi yana abin da masu hawa ke yi kafin su taɓa dutse: hannuwansa suna tafiya a iska, dama ta shiga tsaga, hagu ta kama ƙahon dutse, kafaɗa ta karkata. Da ya iso wurin, sai ƙafarsa ta dama ta fita daga ƙarƙashin tebur ta dira a ƙasa da ƙarfi. Ta san haka zai yi a can sama, ba shakka ba jinkiri, kuma daga nan zuwa ƙusa ta ƙarshe da ke riƙe igiya akwai nisa.

Ranar Laraba ta je ɗakin karatu na gari, inda ake da na'urar da ke ƙera abu da narkakkiyar roba. Taswirar da ke wayarta an haɗa ta ne da hotunan da ƙaramin jirgi marar matuƙi ya ɗauka bayan zubewar, don haka kowane lungu yana ciki yadda yake a yanzu. Ta roƙa aka fitar mata da siffar bangon da roba, tsawonsa kamar kamu biyu. Ranar Juma'a da hantsi ta ajiye shi a gabansa, ta ɗora hannunsa a kai.

"Me kuma kika kawo? Burodin da ya bushe?"

"Taɓa dai, tsoho. Ni ba zan ce komai ba."

Ya fara daga ƙasa. Da farko yana murmushin raini, sai murmushin ya sake kama. Yatsansa ya sami ƙaton dutsen da suke ajiye jaka. Ya sami tsagar farko, ya bi ta a hankali.

"Kai! Har da ɗan kwanon nan da tsuntsaye ke shan ruwa." Ya yi dariya. "Ga inda kika zame kika zage ni."

"Kai ka ja igiyar da wuri."

"Ga rufin nan. Ga ƙahon. Wa ya yi wannan? Bai yi ƙarya ba ko ɗaya."

Verna ta riƙe bakin tebur. Yatsansa ya kai ƙarshen tsagar, ya zarce dama yadda ƙafa za ta yi, ya faɗa cikin wani wuri sumul mai zurfi. Ya koma baya ya sake bi. Ya sa babban yatsa ya shafa sama da ƙasa, kamar mai neman haƙorin da aka cire. Bai ce an yi kuskure ba. Abin da bai yi masa ƙarya a ƙananan lunguna ba, ya san ba zai yi masa a babba ba.

Daga baya ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Kira Hollis ki ce ya yi barcinsa gobe."

Ta yi zaton za ta ji sanyi a ranta, amma ba ta ji ba. Tana kallonsa ya janye hannuwansa daga kan robar ya ajiye su a cinya, kamar kayan da aka gama aiki da su.

"Yaran yanzu za su samo wata hanyar ta gefen hagu," in ji shi. "Su raɗa mata nasu sunan. Haka ake yi." Ya laluba sandarsa. "Kai ni gindin dutsen, Verna."

Ta tuƙa a-kori-kura har ƙarshen hanyar burji, sannan ta riƙe gwiwar hannunsa suka bi ta cikin itatuwa. Ɓaraguzan ginshiƙin sun gangaro ta wani kwazazzabo da ba a bi, sun kakkarya itatuwa sun bar su tsaye ba kai. Duwatsun farare ne tas, ba su yi baƙin rana ba. Ta kai shi gaban mafi girma, ta ɗora tafinsa a kai.

Ya shafa yana neman wurin da takalmansu suka goge shekara da shekaru. Ya zaga gefe ɗaya, ya zaga ɗayan, ya durƙusa ya laluba ƙasa. Ko'ina sabon tsagi ne mai kaifi, har ya yanke shi a yatsa. Ya sa yatsan a baki.

"Saman yana ƙasa, ko?"

"Ina jin haka. Ya kife."

Ya gyaɗa kai. Verna ta cire gyalen wuyanta ta naɗe masa yatsan, suka zauna a kan dutsen kafaɗa da kafaɗa. Can sama wasu matasa suna kiran juna a wata hanyar, iska tana kawo muryoyinsu gutsure gutsure. Arlo ya karkata kunne yana saurare.

"Wancan na gaban tsoro yake ji," in ji shi. "Ji yadda yake neman a sako masa igiya."

"Zai wuce."

"Zai wuce." Ya miƙa mata hannu. "Tashe ni, tsohuwa. Sanyi ya fara shiga ƙafata."