Burtali a Gonar Habibu

Takardar daga mari, ofishin magajin gari, ta fito. Ta ce burtalin shanu zai ratsa tsakiyar gonar Habibu, faɗin taku sittin, bisa shawarar da majalisar kwamin, wato ƙaramar hukuma, ta yanke shekara tara baya. Habibu ya kai ta Zinder wurin aboka, wato lauya. Mutumin ya karanta, ya tura masa ita.

"Malam, irin wannan shawara ƙofa uku take bi. A karanta ta, a kaɗa ƙuri'a, ferfe, wakilin gwamnati, ya buga hatimi. In ta tsallake ɗaya, gonarka tana nan. Je ka bi mini sawunta."

Habibu bai ji tsoro ba. Yayansa Kassim kwansaye ne a lokacin, ɗan majalisar kwamin, kuma duk gari an san abin da ya dawo ya faɗa: maganar burtali ta mutu.

A mari, mai ajiyar takardu, Madam Rahina, ta sauko da manyan littattafai biyu da gara ta ci gefensu. Ta samo zaman farko. An karanta, an yi gardama, an miƙa wa kwamiti. Can maganar ta kwanta damina biyu. Habibu ya fara gyara hula zai tashi.

"Zauna, baba. Ai ta farka."

Ta lashi yatsa, ta ci gaba da buɗawa. Fankar sama ta tsaya, ba wanda ya kula. Zama na biyu, Alhaji Dodo ne ya sake tada maganar. Shida sun yarda, biyar sun ƙi.

"Su goma sha biyu ne," in ji Habibu.

"Ɗaya ya fita kafin a ɗaga hannu. Da ya zauna ya ƙi, kunnen doki ne, sai a ɗage." Ta ɗora yatsa kan sunan. Habibu bai iya boko ba, amma ya san zanen sunan yayansa.

Saura ƙofa ɗaya. Washegari ya hau mota zuwa Mirya, inda ofishin ferfe yake. Hatimin ferfe yana nan, shuɗi, ko kusurwa bai goge ba. Magatakardan ya ce lokacin ƙara ya wuce tun jaririn waccan shekarar bai yi haƙori ba.

Ya sami Kassim a zaure yana tufka igiya. Bai tsawaita gaisuwa ba.

"Yaya, ina ka tafi ranar ƙuri'a?"

Hannun Kassim bai daina murza ba. "Alwala."

"Da hantsi?"

"Alhaji Dodo uban Inno ne, uban matata. Ko tabarma ɗaya ban taɓa haɗawa da shi ba. Kana so in ɗaga hannu in ƙaryata shi, yana kallona?"

"Ka ce mana ta mutu."

"Takarda nawa ta shiga kabad ba ta fito ba? Na ɗauka ita ma haka." Ya ɗago kai. "Wa ka faɗa wa?"

"Gona goma sha huɗu ke kan layin, Yaya. Ba sai na faɗa ba. Madam Rahina ta ce mutum uku sun riga sun tambayi littafin."

Igiyar ta tsaya.

Habibu ya fito. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas, baƙi, ba iska. A ƙofar gida ya tarar da matarsa Aliya ta sa an cika amalanke da taki, an ɗaura wa bijimi.

"Kwance shi," ya ce.

"Gonar fa?"

"A juye a bayan gida."