Zobban Baba Simeon

"Mama Kadijatu, wannan abu ba zai shiga coci ba," in ji Vivian, ta ture zanen da na shimfiɗa mata. "A ce ranar jana'izar babana mu ɗaura cuta?"

Ban ga laifinta ba. Mahaifinta Baba Simeon, maƙwabcina, ya shekara talatin yana duba jini a asibiti. Da ya yi ritaya sai ya koma sassaƙa abin da ya gani a madubin duba jini a kan katako. Ni kuma mai rini ce, in tsoma katakon a narkakken kaki in buga a yadi. Matan Jalingo suka yi ta wawaso, wai furanni ne. Ƙwayar maleriya suke ɗaurawa zuwa biki suna yanga, mu kuwa muka ja bakinmu muka yi gum.

Vivian ta sani, kuma abin kunya yake ba ta. Yanzu da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya roƙa a yi ankon jana'izarsa da katakon ƙarshe da ya sassaƙa. Hankalina ya tashi, don in ta ƙi, matan zumuntar coci ma ba za su ɗaura ba.

Na ɗauki zanen, na ja ta har ɗakinsa. Yana jingine da filo, ƙafafu sun kumbura.

"Baba Simeon, 'yarka ta ce ba ta sa cuta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wane cuta? Duba mana, Vivian. Akwai ɗigo a ciki?"

Ta duba. Zobba ne birjik a kan jan yadi, cikinsu fayau.

"Jininki ne. Kina shekara shida maleriya ya kusa ɗauke ki. Kwana tara ina duba jininki, kullum ɗigon cutar yana nan. Na goma na duba, babu ko ɗaya. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar shi ba."

Ta zauna a bakin gado. Ni sarkin shisshigi ni na yi kukan.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Washegari, ban gama hura wutar kaki ba sai ga ta da farin yadi a ka.

"Mama, nuna mini yadda ake riƙe katakon."

Zoben farko ya fito a karkace. Ta bar shi haka, ta buga na biyu a gefensa.