Mataccen Yis da Shuɗin Ruwa

Mai burodi ya tsufa yana lallaɓa yis kamar jinjiri: kada ruwa ya yi zafi, kada sukari ya gaza, a rufe kwaɓi kada iska ta buge shi. Shi ya sa ranar da 'yarsa, wadda ta yi karatun tsabtace ruwa, ta ce mataccen yis take so, sai da ya cire hannu daga kwaɓi ya dube ta.

Ƙaninsa ne ya shiga uku. A bayan gidan burodin yake da shagon da ake shafa wa makullai jan ƙarfe, kuma ruwan wankin da ke bin kwatarsa shuɗi ne mai kyan gani, amma ko kwaɗo ba ya rayuwa a ciki. Masu duba muhalli sun ce ya gyara ruwan ko su garƙame shagon. Injin tacewa ya fi ƙarfinsa, har ya fara ɗaure kaya zai bar garin. Shi kaɗai ya rage wa mai burodi a 'yan uwa, amma tsohon ba zai iya buɗe baki ya ce kada ya tafi ba. Iyakarsa aika masa burodi mai zafi.

Ruwan nan 'yar ke son gyarawa da yis ɗin. Tsoho da taurin kai, sai ga shi ya same ta a shagon da sabon yis, ya jiƙa shi da sukari yana ta kumfa.

"Baba, na ce wanda ya lalace, wanda kake zubarwa," in ji 'yar tana dariya.

"Ke, matacce me zai tsinana? Ko kwaɓi ba ya tayarwa."

"Ba tashi nake so ya yi ba. Jikinsa ne ke kama ƙarfen, ko da rai ko babu."

Ya koma yana ƙunƙuni, ya kinkimo buhun mataccen yis da ya daɗe a bayan tanda. Ta zuba a bokitin shuɗin ruwa, ta miƙa wa ƙanin babanta sanda.

"Baffa, juya."

Suka juya, suka jira, ta tace da ƙyalle, ta maimaita. Mai burodi ya leƙa bokitin. Ruwan ya yi garau har yana ganin tsagar gindin bokitin, shuɗin kuma ya koma kan ƙyalle, ya rine yis ɗin. Abin da ya yi shekaru yana watsarwa a bola, wai ashe ko bayan ya mutu da sauran aikinsa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali, ya kai yatsa zai taɓa.

Ta riƙe masa hannu. "Wannan yanzu guba ne, Baba. Ba na kaji ba ne, a ganga za a rufe shi."

Ta tsoma na'urar awonta a ruwan, ta duba, ta juya wa baffanta fuskar na'urar. Ƙarfen ya ragu zuwa yadda masu duba muhalli suke so. Baffan ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan kwalin da ya ɗaure da igiya.

"Yaya, irin buhun nan, kana samu kullum?"

"In kana nan, ba za ka rasa ba," in ji mai burodi. Sai ya durƙusa ya fara kwance igiyar da kansa.