Jirginka Zai Tashi

Ebenezer ya ɗaga ƙarfe na uku, ya jinjina shi a hannu, ya dire shi ƙasa yana yamutsa fuska.

"Wanga ai na amalanken shanu ne, Maiwada. Jirgi na ce maka, ba bijimi ba."

Maiwada mai walda ya sunkuya. Ya ci gaba da tona tarin ƙarafan da ke bayan rumfarsa, a bakin hanyar da ta shiga kasuwar Mafara. Ranar Talata ce, hanyar ta cika da shanu da babura da motocin Bakura da na Janbako, sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji.

Abin da Ebenezer ke nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Sanda ce ta ƙarfe mai tsawon gaba guda, mai baki biyu da za su kama ƙaramar tayar da ke ƙarƙashin wutsiyar jirgi gefe da gefe, mutum ya riƙe ɗaya ƙarshen ya ja, ya juya shi yadda yake so. Jirgin feshi ta wutsiya ake fito da shi daga rumfa. Sandar da ta zo tare da shi ɓarayi ne suka ɗauke, a makonnin da Ebenezer ya yi a asibiti yana jinyar matarsa Beatrice.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da rumfar jirgin nan a wajen gari. Yana saurayi ya zo daga Zuru, kamfanin feshi ya ɗauke shi, aka ba shi ɗaki biyu jikin rumfar. A lokacin, da zarar shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen janbaki sun rufe sama, sai ka ji kukan jirgin ya bi ta kan fadamu har Damri, manoma na ɗaga masa huluna. Yau shekara tara rabon injinsa da yin tari. Matuƙi ya tafi, injiniya ya bi bayansa, aka bar Ebenezer da tsumma da famfon hura taya. Bai taɓa barin tayar ta kwanta ba, bai taɓa barin zanzaro ya gama gini a jikinsa ba. 'Yan gari suka ce sabo turken wawa. Ya ji, bai fasa ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar Beatrice. Tana kwance a maƙabartar Kirista da ke bayan gari, tafiyar da ba ta isa hawa babur ba, kuma duk Lahadi in an tashi daga coci can yake wucewa. 'Yarsu Gloria, da ke aikin jinya a Kaduna, ta yi roƙo har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: yana da aiki. Ranar da babu jirgi, babu ɗaki, to ta turo mota. Shi da ita duk sun san ba jirgin kaɗai yake gadi ba.

Sai ga shi jiya ogansa ya kira daga Gusau, mutumin da ya shekara bai neme shi ba. "Baba Ebenezer, jirginka dai zai tashi daga nan. Gobe da la'asar mutane na zuwa, ka fito musu da shi fili." Kafin ya yi wata tambaya an katse. Tun rasuwar Beatrice, jiya ne ya fara cinye tuwonsa tas.

"Ga sarƙa nan," in ji Maiwada, yana nuna wata da ƙafa. "Ku ɗaura ga mota ku jawo shi. Mi za ka wahal da kanka?"

"Sarƙa?" Ebenezer ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. "Wutsiyar ga in ta karkace da faɗin yatsa guda, ya gama tahiya miƙe. Injiniyoyi su zo tun daga nesa su iske na ɓata musu aiki? Kai ko, shekara nawa muna tare?"

Ya zaro wani zare daga aljihu, mai ƙulli uku. Da sassafe ya durƙusa a gindin tayar ya auna: ƙulli na farko faɗinta, na biyu kaurin kusar da ta ratsa ta, na uku nisan da za a bari kada sanda ta goge jikin jirgi. Maiwada ya karɓi zaren ya yi ta juya shi a hannu. Mutum ne mai surutu, ɗan mahauta da ya bar wuƙa ya kama wuta, wanda ko ƙusa ka zo saye sai ya ba ka labarin kakanta. Yau kuwa bakinsa ya mutu. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma Ebenezer ba fuska yake kallo ba, ƙarafa yake kallo.

Ya ƙi ƙarfen garmar tarakta, ya ce nauyinsa kaɗai zai karya wa mutum baya. Ya ƙi ƙarfen gado, ya ce zai lanƙwashe tun a bakin ƙofa. Can ƙasan tarin ya hango wani bututun rijiyar burtsatse, ya jawo shi, ya ƙwanƙwasa da zobensa ya kasa kunne.

"Yawwa. Wanga ba shi da tsatsa ciki. Ka yanke shi nan, ka yi mashi baki biyu, ka naɗe bakin da robar taya. Hannun kuma ka yi shi da hwaɗi, yadda za a kama da hannu biyu."

Maiwada ya sa baƙin gilashi, ya ta da inji. Ebenezer ya zauna a kan benci yana kallon tartsatsi, kuma da yake farin ciki ba ya iya zama shiru, sai ya kama magana.

"Ka san ban taɓa hawa nai ba? Kujera guda gare shi. Ni dai in jawo shi, in cire mashi waigi ga taya, in koma gehe. Beatrice ko, ko tana tuƙin tuwo, ta ji kukan ga sai ta hito da muciya ga hannu. Matuƙin har karkato mata hihhike yake yi." Ya yi 'yar dariya. "Wata biyar, Maiwada. Da ta yi haƙurin wata biyar, da ta sake jin shi."

Inji ya mutu. Maiwada ya cire gilashin, ya zo ya zauna a ƙarshen bencin, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Baban Gloria, Allah shina gani, tun sahe nike neman bakin da zan hwaɗa maka. Ka ga tukwanen gas ɗin can guda biyu, na yankan ƙarhe? Jiya da marece anka zo anka kama hayarsu. Wani Labaran, ɗan gwangwan daga Gusau. Gwanjo anka yi, su sunka saye jirgin. Ba injiniyoyi ba ne."

"An ce zai tashi."

"Daga nan, anka ce maka. Yadda mutum ka tashi daga gidan haya."

Wani ya wuce da garken awaki, wata mota ta yi ta ƙaho a kan hanya. Ebenezer ya maimaita maganar oga a zuci, kalma bayan kalma, ya ga babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Shi ne ya ji abin da yake son ji. Sai kunya ta rufe shi, kunyar tsoho da ya yi rawa a gaban mutane babu kiɗa, a bayanta kuma baƙin ciki ya taso, irin wanda ya yi zaton ya gama da shi ranar jana'iza. Ɗakin zai tafi. Hanyar Lahadi za ta tafi. Zai bar ta ita kaɗai a garin da shi ya kawo ta.

"Ka yahe mani," in ji Maiwada. "Bari in aje aikin ga. Sarƙa ta ishe su."

Ebenezer ya share fuska da hularsa, ya mayar da ita kai.

"Ƙarasa shi."

"Na mi, don Allah?"

"Ƙarasa shi, na ce. Da robar."

Maiwada ya dube shi. "Gidanmu," ya ce a hankali, "ko saniyar da za a kayar, sai an ba ta ruwa." Ya mayar da gilashinsa. Bai taɓa yin walda mai kyan ta ranar ba. Har goge bakin ya yi da samfefa, ya shafa da yatsa ya ji ko akwai kaifi.

Da la'asar ta yi suka ɗaura sandar a babur ɗin Maiwada, tana leƙowa gaba da baya. Sun iske a-kori-kura a bakin rumfar, da mutum huɗu zaune a inuwarta. Babbansu ya miƙe, wani dogo mai fara'a, ya gaida Ebenezer har da rusunawa, ya tambayi gida da iyali da gajiya. Shi ne Labaran. Ebenezer ya so a ce mugu ne, da abin ya zo masa da sauƙi.

"Baba, a ba mu hanya mu ja da baya da mota, mu ɗaura igiya."

"Motarku ba ta shiga nan."

Ya tura ƙofofin kwano biyu suka buɗe. Jirgin na tsaye, rawaya, yana ƙyalli, don tun da asuba ya wanke shi saboda baƙi. Mutanen Labaran suka matso suna kallo. Ebenezer ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kawo bakin sandar ya saita. Ta shiga cif, kamar tare aka ƙera su. Ya cire waigin katako daga manyan tayoyin, ya ce wa Maiwada ya tsaya a ƙarshen fiffike ya duba masa ginshiƙi.

"Ka bari mu kama maka, Baba," in ji Labaran.

"Ku dai ku matsa."

Ya kama da hannu biyu, ya jingina da baya. Da farko jirgin ya ƙi. Ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi, sai tayoyin suka saki ƙasa da wata 'yar ƙara, jirgin ya biyo shi. Taku ɗaya, taku biyu. Ya karkata sandar hagu, fiffiken ya wuce ginshiƙi da tazarar tafin hannu. Rana ta sauka a kan wutsiya, ta hau baya, ta kai gilashi. Hawaye na zuba, bai saki sandar ya share ba. A tsakiyar fili ya juya shi, ya daidaita masa hanci da tsohuwar hanyar tashinsa da ciyawa ta cinye, ya mayar da waigi, ya cire sandar ya kwantar a gefe.

Aka sauke tukwanen gas. Wani ya kunna, wutar ta yi shuɗi tana huci, ya nufi gindin fiffiken dama. Ebenezer ya riga ya juya baya zai shige ɗaki, sai ya ga inda mutumin ya dosa.

"Kai! Kashe! Kashe wutar ga!"

Mutumin ya ja da baya a firgice.

"Tanki na nan ciki. Ko babu mai, akwai tururi nai. Ka sa wuta nan, ba mai ɗaukar ko takalminka. Gaba kuma randar magani ce, guba ce, hayaƙinta kaɗai ya isa."

Labaran ya dafe ƙirji yana salati. Ya dubi jirgin daga hanci har wutsiya, ya dubi mutanensa, sannan ya laluba aljihu ya fito da guntun alli. Da hannu biyu ya miƙa shi.

"Baba, mu ƙarhe kaɗai munka sani. Kai ka san shi. Taimaka ka nuna muna inda za mu hwara."

Maiwada ya kau da kai. Ebenezer ya tsaya yana kallon allin. Duk duniya babu wanda zai iya nuna musu sai shi, kuma mutanen nan huɗu kowa da masu jiran sa a gida. Ya karɓa. Ya zagaya bayan kujerar matuƙi, inda babu tanki babu waya, ya sa hannun riga ya goge 'yar ƙurar da ta sauka a wurin. Ya ɗora allin ya fara jan layin da za su yanka, a hankali, don kada ya karkace.